Ranar da Aka Sake Sakin Tarago a Mararrabar Marke

An ce wai a zamanin da jirgin ƙasa ke cin gawayi yana shan ruwa, an yi wata ƙaramar tasha da ake kira Mararrabar Marke. Ba wuri ba ne na a zo a gani: ofis ɗaya mai rufin kwano, rumfar fasinja, tankin ruwa, sai 'yan rumfunan masu abinci a gindin itatuwan marke. Amma a nan ne layin da ya taso daga kudu yake rabuwa biyu, ɗaya ya miƙe arewa, ɗaya ya karkata gabas. Saboda haka duk girman jirgi, na fasinja ne ko na kaya, sai ya tsaya ya nemi izini kafin ya wuce. Mutanen tashar sun san da haka, shi ya sa ko mai sayar da rake a wurin yake magana da baƙo kamar wanda ya gaji layin dogon daga kakansa.

Shugaban tashar wani dattijo ne, Malam Sallau, dogo, mai ƙarancin magana. Shekara goma sha tara yana riƙe da wurin, ba a taɓa jin jirgi ya gogi jirgi ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma idan ya ɗaga ido ya dubi ma'aikaci, sai ma'aikacin ya fara tuna abin da ya bari bai yi ba.

A cikin ma'aikatansa akwai wani tsoho mai juya layi, Baba Cindo. Aikinsa shi ne kula da sandunan ƙarfe uku da ake ja don a karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Biyu daga ciki kullum suna cikin aiki. Ta ukun kuwa tana can gindin tudun da ke yamma da tashar, inda layi ke gangarowa daga sitocin 'yan kasuwa. A jikinta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai fuska biyu. Idan farar fuskar ce a sama, abin da ya gangaro daga tudu zai zarce kai tsaye zuwa inda jirgin fasinja ke tsayawa. Idan jar ce a sama, zai shiga wani mataccen layi da aka daina aiki da shi tun da aka rufe wurin fasa dutse, wanda ya ƙare a bakin wani kwazazzabo. Duk wanda ya yi wata guda yana neman abinci a tashar ya iya karanta wannan ƙarfe, har mata masu tuwo.

Kowace Juma'a da safe Baba Cindo zai ɗauki gwangwaninsa na baƙin mai da tsumma, ya je ya durƙusa gaban wannan sanda ta uku, ya goge ta, ya shafe ta, ya cire tsakuwar da ta maƙale. Shekara ashirin yana haka, alhali ba a taɓa buƙatar ta ba. 'Yan dako suna kiran ta amaryar Baba Cindo, suna tambayarsa ko ta kwana lafiya. Shi dai sai ya ce musu ƙarfe ba ya sanin ranar da za a neme shi, ya ci gaba da gugarsa.

To, akwai doka a aikin jirgi, kuma doka ce mai kyau, kada wani ya ce na raina ta. Mai juya layi ba ya taɓa sanda sai shugaban tasha ya ba shi izini, ko da baki ko da ɗaga tuta. Wanda ya taɓa da ra'ayinsa, kora ce hukuncinsa: a karɓe kakinsa da lambar tagullar da ke ƙirjinsa, ya kwashe iyalinsa daga gidan ma'aikata. Dalilin dokar a fili yake, domin inda hannu biyu ke juya layi ba tare da baki ɗaya ba, a nan jirage ke karo.

Wata Talata da hantsi jirgin fasinja ya iso daga arewa ya tsaya shan ruwa, cike maƙil da mutane, wasu sun leƙo ta taga suna cinikin dafaffen ƙwai. A daidai lokacin, can kan tudu, wani attajiri mai suna Alhaji Wada yana sauke taragonsa na manja. An ajiye masa taragon nesa kaɗan da ƙofar sitonsa, shi kuwa ba ya son a yi ta mirgina ganguna a rana. Sai ya sa 'yan dako suka zare waigi, wato guntun katakon da ake tokare ƙafar tarago da shi, suka tura don ya matso. Ya matso ɗin, amma bai tsaya ba. Suka rataya a jikinsa, ya ja su, suka saki. Tarago ya kama gangara, babu direba, babu mai birki, ya nufi bayan jirgin fasinja.

Malam Sallau yana can gaban jirgi yana magana da direba, ko alama bai gani ba. Baba Cindo ne ya ji ƙarar ƙarfe daga inda bai kamata ƙarfe ya yi ƙara ba. Ya waiwaya, ya gani, ya yi taku goma zuwa sandar nan ta uku, ya sa kafaɗa ya juya ta. Ta juyu kamar jiya aka ƙera ta. Taragon ya wuce shi da iska har hularsa ta faɗi, ya shiga mataccen layi, ya karya tokaren ƙarshe, ya kifa cikin kwazazzabo. Manja ya malala har ƙasa ta yi ja. A cikin jirgi kuwa mutane da yawa ba su ma san an yi wani abu ba, mai cinikin ƙwai yana nan yana neman ragi.

Ranar an yi ta sa wa Baba Cindo albarka. Amma Alhaji Wada bai kwana ba sai da ya aika da ƙara hedikwata. Bai ambaci waigi ba. Abin da ya ce shi ne, tsakanin gindin tudu da inda jirgi ke tsayawa akwai shimfiɗaɗɗen wuri kusa da tankin ruwa, kuma da an bar taragon da zai rage gudu ya tsaya da kansa a can. Ya ce tsoho ne ya firgita, ya taɓa sanda babu izini, ya halaka dukiyar mutane a banza.

Ranar Laraba da la'asar, Inna Ladidi, shugabar mata masu abinci, ta shigo ofis ta durƙusa ta gaida Malam Sallau. Ta ce mutanen tasha ne suka aiko ta. Sun yi shawara, sun ga mafita ɗaya ce: idan mai bincike ya zo, Malam ya ce shi ya ɗaga tuta. Kowa zai shaida. Wata bakwai ya rage wa Baba Cindo a yi masa sallama ta mutunci bayan shekara talatin da huɗu yana aiki, ba zai yiwu a tuɓe masa kaki a bainar jama'a ba.

Maganar ta shige shi, domin yana ƙaunar tsohon, kuma ya san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya daɗe yana duban tutocinsa biyu da ke jingine a bango. Sannan ya ce, "Inna, na gode muku. Amma idan na ce ni na ɗaga tuta, na yi ƙarya, kuma daga ranar duk direban da na ce wa hanya lafiya yana da dalilin yin shakka. Bayan haka, abu ɗaya mutumin nan ya yi a rayuwarsa da za a riƙa faɗa bayan ransa. Idan na ce da umarnina ya yi, na ƙwace masa shi. Ba zan cece shi ta hanyar yi masa sata ba."

Inna Ladidi ta tambaye shi to yaya za a yi. Ya ce bai sani ba tukuna. Ta fita ranta a ɓace, kuma ranar tuwon da aka kai masa babu nama ko tsoka ɗaya.

Alhamis da safe mai bincike ya sauka, Sufeto Bagudu. Mutum ne mai gaskiya, ba a saye shi, ya haddace littafin dokokin jirgi tun daga bango har bango. Illarsa ɗaya: a ofis ya girma, hannunsa bai taɓa baƙi da man ƙarfe ba. Aka zagaya da shi ya ga kwazazzabo, ya ga tudu, ya zo gaban sanda ta uku. Ya tsaya ya dube ta, farar fuska a sama ƙiri-ƙiri, sai ya juya ya tambayi Baba Cindo wai yanzu ina ta nufa. 'Yan dako suka dubi juna, don ban da Alhaji Wada da bai taɓa kula ƙarfen ba, babu wanda bai iya karanta shi ba a tashar. Malam Sallau ya ajiye wannan tambaya a ransa.

Aka zauna a rumfar fasinja. Sufeto ya tambayi Baba Cindo ko an ba shi izini. Tsohon ya miƙe, ya gyara lambarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba ni. Ni na gani, ni na juya. Gobe ma in na gani zan juya."

Aka tambayi Malam Sallau ko ya ɗaga tuta, ya ce bai ɗaga ba. Wani gunaguni ya bi cikin jama'a. Alhaji Wada kuwa ya tashi ya baza riga, ya yi rantsuwa cewa shekara goma yana sauke kaya a wannan tudu, ya san gangarar kamar tsakar gidansa, kuma taragon da ya tsaya kafin tanki. Sufeto ya ce shi ma a lissafinsa na takarda shimfiɗaɗɗen wurin yana da tsawon da zai iya tsayar da tarago. Tunda kuwa ba a tabbatar akwai haɗari ba, kuma an tabbatar an karya doka, ba shi da abin yi sai ya rubuta kora.

Baba Cindo ya kai hannu zai ɓalle lambarsa. A nan Malam Sallau ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu, ina da roƙo. Alhaji ya ce taragon zai tsaya, takarda ma ta ce zai iya tsayawa, tsoho ya ce ba zai tsaya ba. Tudun yana nan, layin yana nan. Gobe Juma'a babu jirgi sai bayan azahar. Mu cika tarago da dutse daidai nauyin manjan, mu sake shi daga inda wancan ya kuɓuce. Baba Cindo zai tsaya inda ya tsaya, amma wannan karon zai bi doka sak: in ya ga tarago, ya zo ofis ya nemi izinina. Sai dai shaida daga gefe ba ta cika ba. Zan sa a ajiye taragon fasinja inda jirgi ya tsaya ran Talata, waɗanda suka tabbata zai tsaya su zauna a ciki su gani da idonsu."

Alhaji Wada ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Mutumin da ya gama rantsuwa yanzun nan a gaban 'yan dakonsa ba shi da ƙofar fita, sai ya ce ai ko barci ma zai iya yi a ciki. Sufeto Bagudu kuwa ya ce ba zai kori mutum a kan lissafin da shi kansa ba zai zauna a kansa ba. Wannan magana ta ƙara masa daraja a idon Malam Sallau.

Washegari da hantsi duk Mararrabar Marke ta hallara. Masu tuwo sun bar tukwane, masu rake sun bar wuƙaƙe. Baba Cindo ya riga ya yi gugarsa ta Juma'a tun da sassafe, ya tsaya taku goma daga sandarsa. Sufeto da Alhaji suka hau taragon fasinja suka zauna a ƙofar baya, suna fuskantar tudu. Malam Sallau ya shiga ofis ya zauna kan kujerarsa, ya sa aka buga ƙararrawa. Can sama aka zare waigi.

Da farko taragon ya taho a hankali, har Alhaji ya yi murmushi ya ce wa Sufeto ya gani ko. Sai ƙarar ta fara sauyawa. Ƙarfen layi ya soma rawa a ƙarƙashin kujerarsu. Taragon da suke gani kamar akwati ya zama kamar ɗaki, kuma babu alamar yana tunanin tsayawa a ko'ina. Suka dubi wajen sanda, sai suka ga Baba Cindo ya juya mata baya, ya nufi ofis da ɗan gudunsa na tsufa, yana bin doka. Ko rabin hanya bai kai ba.

Alhaji Wada ne ya fara. Ya miƙe zai yi tsalle, rigarsa ta sarƙe a ƙarfen ƙofa, ya shiga kiran sunan Allah da na Baba Cindo a haɗe. Sufeto Bagudu kuwa, mutumin da ya haddace littafi, ya leƙo da rabin jikinsa waje, ya ɗaga murya har ta dushe: "Koma ka juya! Bar izinin, juya!"

Baba Cindo bai koma ba. Taragon ya iso gindin tudu da gudun da ya fi na ran Talata, ya karkata da kansa, ya shiga mataccen layi, ya nutse cikin tarin yashin da Malam Sallau ya sa 'yan dako suka tara a can tun jiya da yamma. Ƙura ta tashi, ta kwanta.

Malam Sallau ya fito daga ofis ba tare da gaggawa ba. Ya sa aka taimaka wa baƙinsa suka sauko, ya sa aka kawo musu ruwa. Da suka sha, sai ya kai su gaban sanda ta uku. Jar fuska ce a sama, kuma an datse sandar da kwaɗo. Ya zaro makullin daga aljihunsa ya nuna musu. Ya ce shi da hannunsa ya juya ta bayan sallar asuba, domin ba ya caca da ran mutum ko da don ya ci gardama ne.

Sai a lokacin Sufeto ya gane abin da ya faru. Ya waiwaya ya dubi taron. Tun safe jar fuskar nan take a sama a gaban kowa. Mai tuwo ta gani, mai rake ya gani, 'yan dakon Alhaji da ke cin abinci a hannunsa sun gani, kuma a cikin mutum fiye da ɗari babu wanda ya yi ko tari. Har yau idan 'yan Mararrabar Marke suna ba da labarin nan, wannan shirun suka fi alfahari da shi.

Malam Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, littafi ya ce ba mai ba da izinin juya layi sai shugaban tasha. Kai ba shugaban tashar nan ba ne, ga shi kowa ya ji ka umarci ma'aikacina ya bar izini ya juya. Ban ga laifinka ba. Kai ran mutum biyu ka gani, naka da na Alhaji, ka ajiye littafi. Shi ran mutum ɗari uku ya gani, kuma babu nasa a ciki, don yana gefe, da ya tsaya kallo ba abin da zai same shi. Dokar nan ni ma ina tsaron ta, shekara goma sha tara ban bari an taka ta ba. Amma an kafa ta ne don kada ƙarfe ya hau kan mutane. Idan muka kori wanda ya hana ƙarfe hawa kan mutane, mun riƙe littafin, mun saki abin da aka rubuta shi dominsa. Yanzu alƙalami yana hannunka."

Sufeto Bagudu ya kai hannu aljihunsa. Sannan ya ciro takardar korar da ya rubuta jiya, ya yayyaga ta a gaban kowa. Ya je har inda Baba Cindo yake, ya cire hularsa ta aiki, ya miƙa masa hannu biyu, ya kira shi Baba. Ya kuma ce zai rubuta wa hedikwata a ƙara a littafi cewa idan tarago ya kuɓuce, izinin shugaban tasha yana hannun mai juya layi tun kafin ya nema.

Alhaji Wada yana zaune kan benci da yagaggiyar riga. Malam Sallau bai tozarta shi ba, tambaya ɗaya ya yi masa a hankali, wa ya sa aka zare waigi ran Talata. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Ya tashi ya nemi gafarar tsohon, tsohon ya ce ya yafe, amma don Allah a riƙa barin katako inda aka sa shi.

Ranar da rana Inna Ladidi da kanta ta kai wa Malam Sallau tuwo, kuma an ce sai da ya nemi miya a ƙarƙashin nama.

Bayan wata bakwai aka sallami Baba Cindo da kakinsa a jikinsa da lambarsa a ƙirji. Jirgin arewa da na gabas suka haɗu a tashar a ranar, direbobin biyu suka busa masa jiniya tare. Bai yi jawabi ba. Gwangwanin mai da tsumma ya miƙa wa wanda ya gaje shi, ya nuna masa sanda ta uku, ya ce kowace Juma'a. Daga ranar ba a ƙara jin wani ya kira ta amarya da sigar ba'a ba.

Masu hankali suka ce, kada mutum ya yanke hukunci a kan gaggawar wanda ya tare haɗari sai ya zauna inda haɗarin ya nufa. Kuma mai tsaron doka na gaskiya shi ne wanda bai manta abin da aka kafa ta ta tsare ba.